Muhawara kan gidajen tarihin Berlin: yaya ya kamata a nuna rayuwar birnin da katanga ta raba?

Habibu:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so in kawo wata magana game da gidajen tarihin birnin Berlin, domin Jamusawa su kansu ba su daidaita a kanta ba, kuma na san a cikinmu akwai malaman tarihi da dattawan da suka bibiyi labarin tun yana faruwa. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, an kasa birnin gida huɗu tsakanin Tarayyar Sobiyet da Amurka da Birtaniya da Faransa. Kason ƙasashe ukun ya zama Berlin ta Yamma mai bin jari-hujja, kason Sobiyet kuma ya zama babban birnin Jamus ta Gabas mai bin gurguzu, har aka wayi gari ranar Lahadi 13 ga Agusta, 1961 an ja waya mai ƙaya a tsakiyar tituna, wadda daga baya ta zama katangar da ta tsaya shekara 28.

Akwai baje koli guda biyu da nake so mu auna. Na farko yana cikin ginin da ake kira Tränenpalast, wato Fadar Hawaye, daf da tashar jirgin ƙasa ta Friedrichstraße. Gini ne na ƙarfe da gilashi da aka fara aiki da shi a 1962, inda ake tantance masu fita daga Gabas zuwa Yamma, kuma a ƙofarsa mutanen Gabas suke tsayawa su yi sallama da 'yan'uwansu da suka zo musu wuni, saboda su ba su da izinin wucewa. An mai da shi gidan tarihi a 2011, kuma shiga kyauta ce. An maido da ɗakunan binciken fasfo yadda suke a da, mai ziyara yana iya bi ta ciki. Ɗan lungu ne mai ƙunci wanda mutum ɗaya kaɗai yake ɗauka. Ƙofa ta rufe a bayanka, ga kanta mai tsawo yadda ba ka ganin abin da hannun jami'i yake yi da takardunka, ga madubi a karkace a sama yana nuna masa bayanka, ƙofar gaba kuma ba ta buɗuwa sai shi ya sake ta daga inda yake zaune.

Na biyu shi ne DDR Museum (DDR taƙaitaccen sunan Jamus ta Gabas ne a Jamusanci), gidan tarihi mai zaman kansa da aka buɗe a 2006 a bakin kogin Spree. A nan an shirya cikakken gida irin na dogayen benayen Gabas, da falo da kicin da banɗaki, ana buɗe durowa a taɓa kaya, yara suna shiga mota ƙirar Trabant, ƙaramar motar Jamus ta Gabas, suna juya sitiyari suna murna. Akwai sashen 'yan sandan ciki da na kurkuku, amma abin da baƙi suka fi ɗauka a hoto shi ne motar da falon.

Tambayata ita ce: idan aka cika gidan tarihi da kujerun falo da tukwane da kayan wasan yara, an nuna gaskiyar rayuwar mutane ne, ko kuwa an wanke gwamnatin da ta tsare su?

Alhaji Mamman:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu, Allah ya saka da alheri. Mu da muka taso da akwatin rediyo a gefen tabarma, muna jin labarin katangar nan a sashen Hausa na Muryar Jamus da na BBC shekara da shekaru, kuma abin da ya zauna mana a rai shi ne mutanen da aka kashe. Binciken da Jamusawa suka yi bayan haɗewar ƙasar ya tabbatar da cewa aƙalla mutum 140 ne suka rasa rayukansu a katangar Berlin. Ta farko wata dattijuwa ce, Ida Siekmann, wadda gidanta yake kan titin Bernauer, inda ginin yake na Gabas amma dakalin ƙofarsa na Yamma ne. Da aka toshe musu ƙofa, ta jefo kayan shimfiɗarta ta taga, ta biyo su daga saman bene ranar 22 ga Agusta, 1961, ta rasu saura kwana ɗaya ta cika shekara 59. Shekara guda bayan nan, ranar 17 ga Agusta, 1962, aka harbi wani yaro magini, Peter Fechter, ɗan shekara 18, ya kwanta a gindin katanga yana neman taimako kusan awa guda, jama'a suna kallo daga Yamma, ba wanda ya ɗauke shi har jini ya ƙare masa. Na ƙarshe da aka harbe shi ne Chris Gueffroy, ɗan shekara 20, a watan Fabrairun 1989, saura wata tara katangar ta faɗi.

To, duk gidan tarihin da yaro zai shiga ya fito abin da ya fi tunawa shi ne wasa da sitiyarin mota, ni a ganina an zalunci waɗannan mamatan. Gwamnatin Gabas ta kira katangar garkuwa daga 'yan fasist, alhali duk shingayen da ƙararrawar da fitilun an tsara su ne domin tare wanda zai fita. Kamar maigidan da ya garƙame ƙofa don kada iyalinsa su gudu, ya ce wa maƙwabta ɓarayi yake tsoro. Ko shugabanta Walter Ulbricht, a ranar 15 ga Yuni, 1961, ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa babu wanda yake da niyyar gina katanga, ba a cika wata biyu ba aka fara. Wannan shi ne ya kamata a fara nuna wa mai ziyara kafin a kai shi kicin.

Malam Ilyasu:

Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ban musa ko ɗaya daga cikin sunayen da ka ambata ba, kuma duk mai imani dole jikinsa ya yi sanyi da labarin yaron da aka bari ya mutu a gindin katanga. Amma ina roƙon a yi mini haƙuri in tsaya a ɗaya gefen. Mutum fiye da miliyan 16 ne suke zaune a Jamus ta Gabas, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu a Berlin ta Gabas. Mafi yawansu ba su taɓa kusantar katanga ba. Sun yi aure, sun haihu, sun yi aiki a masana'antu, sun binne iyayensu. Idan aka ce duk rayuwar shekara 40 ba komai ba ce sai kurkuku da harbi, to an gaya wa tsohuwar da ta yi aikin jinya duk tsawon ƙuruciyarta cewa abin da ta sani game da kanta ba shi da wuri a tarihi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma shi ne kuma ya san inda ya samu inuwa.

Akwai abubuwan da ba farfaganda ba ne. Ƙaramin burodi fenik 5 ne (fenik 100 ne Mark ɗaya, kuɗin ƙasar), kuɗin motar haya ta gwamnati a cikin birni fenik 20, kuma farashin bai motsa ba shekaru da dama. Kuɗin hayar gida ɗan ƙaramin kaso ne na albashi. A ƙarshen shekarun 1980 kusan kashi 90 cikin ɗari na mata suna aiki ko karatu, saboda akwai gidajen renon yara a kusan kowace unguwa, a lokacin da a Yamma mace mai ɗan ƙaramin yaro galibi take zaman gida. Unguwar Marzahn da aka fara ginawa a 1977, wadda yanzu ake yi wa kallon tarin kankare, ga iyalin da suka baro tsohon gida mai murhun gawayi da banɗaki a waje, samun ɗaki a can mai ruwan zafi babban ci gaba ne.

Sannan mu tambayi kanmu, wa yake ba da labarin? Fadar Hawaye tana ƙarƙashin gidauniyar tarihi ta gwamnatin tarayya wadda cibiyarta take Bonn, tsohon babban birnin Jamus ta Yamma. Ban ce suna ƙarya ba, amma wanda ya yi nasara shi yake zaɓen abin da za a sa a gilashi da abin da za a rushe. Babban zauren nan na Gabas, Palast der Republik, da aka buɗe a 1976, inda majalisa take zama amma kuma talakawa suke zuwa cin abinci da kallon wasanni da bukukuwa, an rushe shi tsakanin 2006 da 2008, aka sake gina siffar fadar sarakunan Prussia, tsohuwar masarautar da Berlin ta kasance babban birninta, a wurinsa. An ce saboda gubar asbestos ne, wani kayan gini mai cutar da huhu, kuma gaskiya akwai ta, amma an riga an kwashe ta kafin a yanke shawarar rushewa. Wannan ma hukunci ne kan abin da ya cancanci a tuna.

Hajiya Rabi:

Alhaji da Malam Ilyasu, ina gaishe ku duka. Na daɗe ina koyar da tarihin yaƙin cacar baka ga ɗalibai, kuma ina ganin kun raba abin da a zahiri bai rabu ba. Kuna magana kamar katanga tana can bakin iyaka, kicin kuma yana nan cikin gida, sai a zaɓi wanda za a nuna. Alhali katangar ta shigo har cikin kicin ɗin, kuma aikin gidan tarihi nagari shi ne ya nuna yadda ta shigo.

Ku ɗauki ƙunshin kayan da mutanen Yamma suke aika wa danginsu ta gidan waya. Miliyoyinsu ake aikawa duk shekara, musamman gab da Kirsimeti. A ciki za a sami kofi da cakulan da sabulu mai ƙamshi da safar mata da tufafin da aka ɗan sa. Dole a rubuta a jikinsa cewa kyauta ce ba kayan sayarwa ba, a kuma sa jerin abin da yake ciki. Kafin ya isa, akwai sashe guda na 'yan sandan ciki wanda aikinsa buɗe wasiƙu da ƙunshe-ƙunshe, kuma kuɗi ko kaset da aka samu a ciki sau da yawa ba sa isa ga mai su. Idan ya iso, uwar gida ba ta yar da takardar naɗin ba, takan goge ta ta adana, gwangwanin kofin da ya ƙare kuma a ajiye shi a kan kanta. Mai aikawa yana jin nauyin zumunci, wani lokaci da ɗan jin kai. Mai karɓa yana murna, amma yana jin ciwon zama wanda kullum ake ba. Ita kanta gwamnatin Gabas ta dogara da wannan kofi, har da aka shiga ƙarancinsa a 1977 ta fito da wani gauraye wanda rabinsa ba kofi ba ne, jama'a suka ƙi shi. Yanzu ku gaya mini, wannan ƙunshi kayan kicin ne ko kayan siyasa? Idan aka ajiye shi a gilashi da bayanin da ya dace, ya isa ya koyar da tattalin arziki da leƙen asiri da zumunci gaba ɗaya.

Haka batun ziyara. An yanke layukan tarho tsakanin ɓangarorin birnin biyu tun 1952, ba a maido da su ba sai 1971. Bayan an gina katanga, mutanen Berlin ta Yamma sun yi fiye da shekara biyu ba su ga danginsu ba, sai a Disambar 1963 da aka cimma yarjejeniyar takardar izini, inda kimanin mutum 700,000 suka tsaya layi cikin sanyi domin su sami wunin Kirsimeti da iyayensu. Daga 1964 aka bar 'yan fansho su riƙa zuwa Yamma, kuma kowa ya fahimci dalili: tsoho ya gama aiki, idan bai dawo ba gwamnati ta huta da biyansa. Saboda haka kaka ce take tsallakawa ta ga jaririn da aka haifa a can, ta dawo ta ba 'yarta labarin kamanninsa. Shi kuma baƙon da ya shigo dole ya canza kuɗi, wanda daga 1980 ya kai Mark 25 na kowace rana, ɗaya bisa ɗaya, kuma ba a fita da kuɗin Gabas. Wato an sa wa gaisuwar uwa haraji.

Don haka laifin gidan da Malam Habibu ya bayyana ba nuna motar ba ne. Laifin shi ne idan yaro ya zauna a cikinta bai san cewa mutum yakan jira fiye da shekara 10 kafin a kira shi ya karɓe ta ba, kuma ko ya samu, akwai titunan birninsa da ba za ta taɓa bi ba.

Sa'idu:

Ina goyon bayan Hajiya, kuma ina so in ƙara cewa akwai abin da ya fi DDR Museum muni. A shingen Checkpoint Charlie, inda tankokin Amurka da na Sobiyet suka fuskanci juna a Oktoban 1961, ɗakin gadin da masu yawon buɗe ido suke ɗaukar hoto a gabansa ba na asali ba ne. Na asalin yana gidan tarihin ƙasashen ƙawance a unguwar Dahlem. Shekaru da dama wasu suna sa kakin soja a wurin suna karɓar kuɗin hoto, har hukumomi suka hana su a 2019, ga shaguna cike da gutsattsarin siminti mai fenti da ake cewa na katanga ne. Wurin yana 'yan taku kaɗan daga inda Peter Fechter ya faɗi.

Zainabu:

Baba Alhaji, Hajiya, da sauran yayyena, ina neman izini in sa baki. Duk maganar da ake yi kamar Jamusawa kaɗai ne suka zauna a birnin, alhali katangar ta faɗa wa baƙi ma, kuma su ne aka fi mantawa. Wata biyu da rabi bayan rufe iyaka, a Oktoban 1961, Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata da Turkiyya. Berlin ta Yamma ta rasa dubban ma'aikatan da suke shigowa daga Gabas kullum, don haka ta buƙaci hannu, kuma Turkawa da yawa suka zauna a unguwar Kreuzberg, a tsofaffin gidajen da suke jingine da katanga, waɗanda masu hali suka gudu suka bari.

A wannan unguwa kogin Spree gaba ɗayansa na Gabas ne, gaɓar kawai ce ta Yamma. Yaro ya faɗa ruwa, babu mai iya shiga ya ciro shi don tsoron harbi. Ranar 11 ga Mayu, 1975, wani yaro Baturke, Çetin Mert, ya faɗa kogin a ranar da ya cika shekara 5. 'Yan kwana-kwanan Yamma sun iso amma ba a ba su izinin shiga ba, ya nutse. Ba shi ne yaro na farko da ya mutu haka a wurin ba, kuma sai bayan mutuwarsa ɓangarorin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar ceto a watan Oktoban shekarar.

A Gabas kuma akwai ma'aikatan kwantiragi daga Biyetnam da Mozambik da Angola da Kuba. Ana kiran abin zumuncin ƙasashen gurguzu, amma a gidajen kwana na daban aka ajiye su, kuma macen da ta yi ciki takan fuskanci zaɓi tsakanin zubarwa da komawa gida. 'Yan Mozambik, waɗanda suka fara zuwa bayan yarjejeniyar 1979, an riƙa riƙe wani kaso na albashinsu da alkawarin za a ba su idan sun koma, kuma har yanzu tsofaffinsu suna fitowa zanga-zanga a Maputo suna neman haƙƙinsu. Malam Ilyasu, ina ganin idan za a lissafa arhar burodi, to a lissafa da waɗanda suka yi aikin da babu mai so. Yaya Habibu, shin ka ga labarin waɗannan mutane a wuraren da ka shiga?

Alhaji Mamman:

Allah ya yi miki albarka, Zainabu. Labarin yaron nan ya isa hujja cewa akida ta fi ran ɗan Adam daraja a wurin masu tsaron iyakar.

Malam Ilyasu, ina da tambaya guda. Idan rayuwar ta yi daɗi haka, me ya sa mutum fiye da miliyan biyu da rabi suka bar ƙasar tsakanin 1949 da 1961? Me ya sa a ranar 17 ga Yuni, 1953 magina ne, wato ma'aikatan da gwamnatin take cewa tasu ce, suka jagoranci bore, har sai da tankokin Sobiyet suka fito? Kuma inuwar da ka ce sun samu, a ƙarƙashin idon wa? A 1989 hukumar Stasi, wato 'yan sandan ciki na Gabas, tana da ma'aikata kimanin 91,000, ban da masu kai rahoto a ɓoye kusan 189,000, waɗanda suke cikin maƙwabta da abokan aiki, wani lokaci har cikin ɗakin aure. Takardun da ta bari, idan aka jera su, sun kai kilomita 111. Da aka buɗe su a 1992, mutane sun je sun karanta, wasu suka gano cewa amininsu na shekara ashirin ne yake rubuta abin da suka faɗa a teburin cin abinci. Gidan renon yaran da ka yaba, da makarantar da take biye da shi, a nan ake fara tantance wanda zai wuce jami'a, kuma ɗan fasto ko wanda ya ƙi shiga ƙungiyar matasan jam'iyya yakan tarar da ƙofa a rufe komai ƙoƙarinsa.

Ni shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi Berlin, ya je kurkukun Hohenschönhausen, wanda a lokacin ko a taswirar birni ba a nuna unguwarsa yadda take. Wasu daga cikin masu zagayawa da baƙi a can tsofaffin fursunonin gidan ne.

Malam Ilyasu:

Ranka ya daɗe, tambayarka tana da amsa, kuma ba ta wanke kowa. Sun gudu ne saboda danniya da kuma saboda albashi, duka biyun. Da yawa cikin masu tafiya likitoci ne da injiniyoyi da matasan da Gabas ta kashe kuɗi ta horar, a lokacin da Sobiyet ta kwashe masana'antu da layukan dogo daga yankin a matsayin diyyar yaƙi, ita kuwa Yamma tana samun tallafin Amurka. Wannan bai halatta harbin kowa ba, amma mai ziyara ya cancanci a nuna masa cewa ba daga wuri ɗaya ɓangarorin biyu suka fara gasar tattalin arziki ba. Maganar Zainabu kan 'yan Mozambik kuwa gaskiya ce, kuma ita ma hujja ce cewa sai an shiga rayuwar yau da kullum ake ganin irin wannan zalunci, domin ba a gindin katanga aka yi shi ba.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ana binciken Gabas kamar mara lafiya, ana ɗaukar Yamma a matsayin ma'aunin lafiya. Berlin ta Yamma ma birni ne da aka kewaye, mai katanga ta kilomita 155 a zagayensa, wanda ba zai iya ciyar da kansa ba. Da tallafin Bonn yake rayuwa, har ana ƙara wa ma'aikata kashi 8 cikin ɗari a kan albashi don kada su tafi, kuma samarinsa ba a tilasta musu aikin soja, abin da ya jawo matasa masu adawa da gwamnati suka cika shi. A can ne ɗan sanda ya harbe ɗalibi Benno Ohnesorg ranar 2 ga Yuni, 1967 a zanga-zangar adawa da ziyarar Sarkin Iran, kotu kuma ta sallame shi. Sai a 2009 aka gano cewa ɗan sandan, Karl-Heinz Kurras, ɗan rahoton Stasi ne, ko da yake ba a sami shaidar cewa su suka sa shi ba. Amma kotun da ta wanke shi ta Yamma ce, kuma ba ta san wannan sirri ba lokacin da ta yi hakan.

Sannan yawancin baje kolin suna ƙarewa ne da daren 9 ga Nuwamba, 1989, da aka buɗe katanga, ana rungumar juna a shingen Bornholmer. Ba a cika nuna abin da ya biyo baya ba, lokacin da Treuhand, hukumar da aka kafa don sayar da kamfanonin gwamnatin Gabas, ta karɓi kamfanoni fiye da 8,000 ta sayar ko ta rufe, miliyoyin mutane suka rasa aiki cikin 'yan shekaru. Wanda bai ga wannan ba ba zai fahimci dalilin da ya sa wasu tsofaffin Gabas suke kewar zamanin da ba.

Habibu:

Na gode ƙwarai da wannan zurfafawa. Zainabu, sunan Çetin Mert da hotonsa suna wurin tunawa da katanga da ke titin Bernauer, a cikin jerin waɗanda suka mutu. Labarin ma'aikatan kwantiragi kuwa, a abin da na gani, ɗan gefe ne ake ba shi, bai kai girman abin da kika bayyana ba.

Malam Ilyasu, an yi ƙoƙarin abin da kake nema. Gidan tarihin birnin Berlin ya yi baje koli kan Berlin ta Yamma a 2014, sannan ya yi wani kan Berlin ta Gabas a 2019, duka a ginin Ephraim-Palais. Ita ma gidauniyar Bonn ta buɗe wani baje koli kan rayuwar yau da kullum a Gabas a Kulturbrauerei a 2013. Sai dai na lura cewa ko a nan, kowane rabi daban aka nuna shi, alhali birnin bai taɓa rabuwa ɗari bisa ɗari ba. A tashar Nordbahnhof akwai ƙaramin baje koli kan tashoshin da aka rufe: jiragen ƙarƙashin ƙasa na Yamma suna bi ta ƙarƙashin Gabas, su rage gudu a tashoshi masu duhu inda masu gadi suke tsaye da bindiga, su wuce ba tsayawa, mutanen da ke sama kuma suna jin girgizar jirgin da ba ya cikin taswirarsu.

Akwai kuma wani abu a titin Bernauer da nake so in ji ra'ayin Alhaji a kai. Cikin mutum 140 ɗin nan akwai sojojin iyakar Gabas guda 8 da aka kashe a bakin aiki. Ba a sa hotunansu tare da na sauran ba, an yi musu wani allo daban a kusa.

Alhaji Mamman:

Daidai aka yi, Malam Habibu. A ambace su, domin su ma 'ya'yan wasu ne, kuma da yawansu yara ne da aka ɗauka aikin soja na dole. Amma ba zai yiwu uwar wanda aka harbe ta zo ziyarar hoton ɗanta ta tarar da shi kafaɗa da kafaɗa da mai kakin da ya riƙe bindiga a wannan iyaka ba. Abin da ya fi damuna shi ne da aka zo shari'a bayan 1990, yawancin masu harbin hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka aka yi musu, shi kansa Egon Krenz, shugaban jam'iyya na ƙarshe kafin faɗuwar katanga, shekara shida da rabi aka yanke masa a 1997, kuma bai cika su a kurkuku ba.

Malam Ilyasu:

Na fahimci dalilinka game da iyaye, Alhaji, amma ka duba labarin ɗaya daga cikin takwas ɗin. Egon Schultz malamin makaranta ne ɗan shekara 21 da aka ɗauka aikin soja. An kashe shi a Oktoban 1964, a daren da aka gano ramin da mutum 57 suka tsere ta cikinsa zuwa titin Bernauer. Gwamnatin Gabas ta ce masu taimakon tserewa ne suka kashe shi, ta sa sunansa a makarantu da tituna, alhali ta san daga binciken gawa cewa harsasan da suka kashe shi daga bindigar abokin aikinsa suka fito, ta ɓoye wannan har ta rushe. An yi amfani da shi yana raye, an yi amfani da gawarsa shekara 25, sannan bayan 1990 aka cire sunansa daga makarantun. Ni ina ganin gwamnatin da ta kashe Fechter ita ce ta cinye wannan yaron, don haka ban gamsu da cewa allonsa ya tsaya a gefe ba.